Filin Tambaya da Amsa: Wayar Hannu Ɗaya, Aji Cike da Yara

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari da mu. Ni ɗaliba ce a wata kwalejin horon malamai a Jihar Jigawa, ina ƙarshen shekara ta biyu, ina karanta kimiyya da lissafi. Zango mai zuwa za a tura mu koyon aikin koyarwa, wato TP. Mun yi wani kwas a kan amfani da fasahar zamani a aji, amma a handawut muka yi shi. Muka haddace, muka rubuta jarrabawa, muka ci, shi ke nan. Sunaye kawai na sani, su Google Classroom da Zoom, ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Abin da na mallaka ƙaramar wayar Android ce da yayana ya bar mini, kullum tana ce mini ta cika. Makarantar da nake sa ran za a kai ni ƙaramar sakandare ce a garinmu, a can na yi karatu: babu wuta, babu majigi, aji ɗaya ya haura yara saba'in. Wasu ƙawayena sun ce ɓata lokaci ne in wahalar da kaina, wasu kuma ChatGPT ke rubuta musu shirin darasi su kwafa su miƙa. Malam, daga ina zan fara? Kuma abin da suke yi laifi ne? Na gode, Allah Ya ƙara girma.

Ɗalibarka, daga Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya yi wa karatu albarka, Ya sa a gama lafiya. Na ji daɗi da kika faɗi ainihin halin da makarantar take ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan ajin naki za mu yi aiki, mu ajiye wanda aka zana muku a handawut.

Ki fara daga darasi, manhaja ta biyo baya. Tun kafin a tura ku, ki je ki gaida malamin da ke riƙe da kimiyya a makarantar, ki roƙe shi jadawalin abin da za a koyar a zangon, wanda ake cirowa daga tsarin karatu na hukumar tsara karatu ta ƙasa, wato NERDC. Ki bi shi mako-mako da biro a hannu, kina jan layi a duk inda kika ga baki da alli kaɗai ba za su iya nuna wa yaro abin ba: yadda lantarki ke zagayawa daga batir zuwa ƙwai, yadda zuciya ke harba jini, yadda husufi ke faruwa. Ba za su yi yawa ba, wataƙila huɗu ko biyar a zango guda. Nan ne wayarki take da aiki a cikin aji. Sauran darussan kuwa allo da alli da ganye da ƙasa da kwalbar ruwa sun wadatar, kuma kada kowa ya sa ki ji kamar kin gaza don kin koyar da su a haka.

Google Classroom, wanda aka fito da shi a 2014, an gina shi ne a kan cewa kowane ɗalibi yana da na'ura da imel da data. Yaranki ba su da ko ɗaya. Ki koye shi, don makarantun kuɗi suna tambaya idan ana ɗaukar aiki, amma ki koye shi da ƙawayenki: ku haɗu ku biyar, ke ki buɗe aji, su shiga a matsayin ɗalibai, ki ba da aiki, su mayar, ki sa maki, sannan ku yi musanya. Yammaci biyu ya ishe ku. Ki tuna da 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona. Abin da ya kai ga yaran ƙauye a jihohi irin su Kano da Kaduna darussan rediyo ne, domin rediyo ce ke cikin gidajen. Abin da ke hannun mutane shi ke aiki.

Yanzu bari in zauna a kan darasi ɗaya, ki ga yadda waya guda za ta yi wa yara saba'in da wani abu amfani.

Akwai wani shafi mai suna PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka. Carl Wieman, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 2001, shi ya assasa shi a 2002. A ciki akwai gwaje-gwajen kimiyya da lissafi da ake taɓawa da yatsa a fuskar waya, kyauta ne a shafin, kuma ana iya sauke kowane gwaji shi kaɗai a ajiye, a buɗe ba tare da data ba. Ki nemi na haɗa lantarki. Za ki ga batir da wayar wuta da ƙwai da makunni, ki ja su da yatsa ki haɗa. Da zarar zagayen ya rufe, ƙwan zai kama, ki ga ƙananan ɗigo suna tafiya a cikin wayar wutar. Idan kika haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye babu ƙwai a tsakani, hoton batirin wuta yake kamawa. Yara ba sa mance wannan.

Ranar darasi kina da minti 40. Kada ki fito da waya tukuna. Ki zana hoto biyu a allo. Na farko, ƙwai biyu a jere a kan layi ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Na biyu, kowane ƙwai da nasa reshe daga batir. Sai ki yi tambaya: "In na cire ƙwai ɗaya a hoton farko, me zai sami ɗayan? To a hoto na biyu fa?" Kowa ya rubuta hasashensa a littafi kafin ya ga komai. Wannan matakin shi ne ƙashin bayan darasin. Yaron da ya riga ya rubuta "zai ci gaba da haske" zai zo kallon wayar da zumuɗin ya ga ko ya yi daidai, wanda bai rubuta komai ba kuwa kallo kawai zai yi kamar na tashe. Ki raba su rukuni takwas, kowane rukuni ya zo teburinki na minti uku. Ki bar yarinya ɗaya ko yaro ɗaya ya cire ƙwan da yatsarsa, kada ki yi musu da kanki. Waɗanda ke jiran layi su kwafi hotunan allo, waɗanda suka dawo su rubuta abin da suka gani a ƙarƙashin abin da suka yi hasashe. Minti 24 ke nan. Sauran lokacin ki tambaye su: in ƙwan ɗakin Inna ya ƙone, me ya sa na zaure ba ya mutuwa? Wace irin haɗawa ce ke nan aka yi a gidajenmu? In aka samu uku ko huɗu suka ba da amsa da bakinsu, darasi ya zauna.

Washegari ki zo da batirin tocila biyu da guntun wayar wuta da ƙaramin ƙwai daga wurin mai gyaran rediyo, su haɗa da hannunsu. Hoton waya share fage ne, abin da yaro ya taɓa shi ke zama nasa. Ki ja musu kunne ƙwarai cewa da batir kaɗai ake wannan gwaji, kada wani ya je gida ya tsokani soket.

Akwai ƙananan abubuwa da ke rusa irin wannan darasi, na sha gani idan na je duba ɗalibai a wurin TP. Ki nemi izinin shugaban makaranta tun farko, domin wasu makarantun sun hana fito da waya a aji. Ki cika caji tun dare. Ki ƙure hasken fuskar wayar, don ajin da tagoginsa ke buɗe haske yana dusashe hoto. Ki rufe layin kira da data gaba ɗaya kafin ki shiga, kada saƙon ƙawarki ya faɗo a gaban yara da malamin da ya zo duba ki. Sannan ki gwada komai a gida da data a kashe, ki tabbata yana buɗewa. Ki kuma riƙe dabara ta biyu a ranki: in waya ta ƙi, kin san abin da za ki yi da alli a minti na gaba.

Amma gaskiya mafi yawan amfanin wayar nan a wajen aji yake, a daren da kike shiri. Malamin da bai fahimci abu sosai ba shi ke yawan cewa "ku kwafa" ya juya baya. Ki buɗe Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar a watan Maris na 2022. An tsara darussansa bisa tsarin karatun ƙasar nan, akwai kuma waɗanda aka yi da Hausa. Don lissafi akwai Khan Academy, bayaninsa mataki-mataki ne, sai dai Turancin Amurka ne mai sauri, yaranki ba za su bi ba. Ke za ki kalla, ki dakatar, ki warware da kanki a takarda, sannan ki shiga aji ki faɗa da harshen da za su gane, da misalin mudu da tiya da canjin kuɗin cefane. In kika kai kan zanen kusurwa da jadawalin lissafi, GeoGebra ma yana aiki babu data da zarar kin sauke shi.

Maganar data da cikar waya. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, dole ɗalibi ya yi tattali. Kamfanoni suna sayar da datar dare da rahusa, da ita za ki riƙa sauke abubuwa. Ki rage ingancin bidiyo zuwa 360, ya isa a ga zane. Ki shiga WhatsApp ki hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa, yawanci su ne ke cinye wurin, ki share na biki da na gaisuwar Juma'a da suka taru. In kin samu hali ki sayi katin ajiya. Kuma ku raba aiki da ƙawayenki: wannan ta sauke na zuciya, waccan ta sauke na husufi, ku tura wa juna ta Xender, ba ko sisin data.

Wani abu da babu wanda zai yaba miki a kai amma zai raba ki da ciwon kai shi ne ajiye maki. Ki sauke Google Sheets. Sunayen yara a layin farko daga sama zuwa ƙasa, gwaji na ɗaya da na biyu da jarrabawa a layukan da ke gefensa, gwargwadon yadda makarantar ta raba makinta. A gidan ƙarshe ki rubuta =SUM(B2:D2), ki kwafa shi har ƙasa, jimlar kowa ta fito. Duk wanda ya taɓa haɗa makin yara saba'in da hannu a ƙarshen zango da hasken tocila ya san darajar wannan. Bayan haka zai nuna miki abin da ido ba ya gani: in kika sa makin kowace tambaya daban, sai ki ga tambaya ta huɗu ce ta kayar da rabin aji, ki san wurin da za ki maimaita. Littafin makin makaranta dai ki cika shi da biro kamar kowa, shi ne na hukuma.

Ki kuma yi amfani da manhajar ɗaukar murya. Ki ajiye wayar a kan tebur ki naɗi muryarki kina koyarwa, ko a gwajin koyarwa na kwaleji ko ke kaɗai a ɗaki, ki saurara da dare. Za ki ji ko kina sauri, ko kina yin tambaya ki amsa wa kanki kafin yaro ya buɗe baki. Wannan shi ne ciwon sababbin malamai: ba sa iya jure shirun da yaro ke tunani a cikinsa. Ki yi tambaya, ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki nuna mai amsawa.

To sai tambayarki ta biyu. E, 'yata, mutum ya miƙa abin da bai rubuta ba kuma bai fahimta ba a matsayin aikinsa ha'inci ne, ko na'ura ce ta rubuta ko ƙawa. Kuma ba ya ɓoyuwa. Na taɓa karɓar shirin darasi mai kyawun Turanci a wata makaranta, a mataki na uku an ce kowane ɗalibi ya buɗe kwamfutarsa. Na ɗaga kai na dubi ajin, rabin yaran a ƙasa suke zaune a kan buhu. Na ja ɗalibin gefe na tambaye shi dalilin da ya sa mataki na biyu ya riga na uku, ya sunkuyar da kai. Na tausaya masa, don yaro ne mai ƙoƙari, da ya zauna da kansa da ya rubuta wanda ya fi wancan dacewa da ajinsa. Rubuta shirin darasi shi ne lokacin da malami ke tunanin yaransa ɗaya bayan ɗaya, ya hango inda za su ruɗe. Wanda ya ba da wannan aikin aro, zai shiga aji da takarda a hannu amma babu darasi a kansa.

Wannan ba ya nufin ki ƙaurace wa ChatGPT, ko Meta AI da ke cikin WhatsApp. Ki rubuta naki shirin tukuna. Sannan ki faɗa masa gaskiyar ajinki: aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 75, minti 40, babu wuta, kayan aiki sai abin da ake samu a kasuwar ƙauye. Ki ce ya kawo miki hanyoyi uku na gabatar da darasin, ko tambayoyi goma na gwaji. Abin da ya ba ki, ki tace. Kowace tambayar lissafi ki warware ta da hannunki kafin ta hau allo, domin waɗannan manhajoji suna yin kuskure, kuma da cikakken ƙarfin gwiwa suke faɗinsa, ba za ki ji alamar shakka a maganarsu ba. Duk abin da ya saɓa wa littafin da makaranta ke amfani da shi, ki tsaya ki bincika ko ki tambayi malaminki. Hausarsu kuma sai a hankali. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, yana taimakawa a magana ta yau da kullum, amma da an shiga bayanin kimiyya sai ya riƙa kawo jimlolin da ba Bahaushen da zai faɗa. Ke kika san yadda za ki yi wa 'yar shekara goma sha uku bayani.

Akwai maganar da nake so ki riƙe fiye da duk abin da na faɗa, ita ce amanar yara. Kada ki ɗauki hoton fuskar yaro ko bidiyonsa ki ɗora a Facebook ko TikTok ko sitatus, ko da niyyarki nuna ƙoƙarin ajinki ce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ce sai da izinin iyaye ko mariƙi ake sarrafa bayanan yaro, kuma ko ba doka, kin san abin da hoton 'ya mace a duniyar intanet zai iya jawowa a garinku. Kada ki zuba sunayen yara da makinsu a cikin ChatGPT. Kada ki karɓi lambar ɗalibi ko ki ba shi taki don hira ta ku biyu. In akwai buƙatar zauren WhatsApp, na iyaye ne, da sanin shugaban makaranta, shi ma yana ciki. Ki sa wa wayarki makulli tunda makin mutane na ciki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambobi shida da aka turo miki, ko ya ce daga kwaleji yake, ki kashe wayar. Ta haka ake sace layin mutane a damfari 'yan'uwansu.

Ƙawayen da suka ce ɓata lokaci ne, ki gaya musu jarrabawar hukumar rajistar malamai ta TRCN a kan kwamfuta ake yin ta. JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara a 2024 da masu rubutawa daga waje. Yaran da za ku koyar can suka nufa, da yawansu kuwa ranar jarrabawa ce rana ta farko da za su riƙe linzamin kwamfuta. Don haka waya kaɗai ba ta isa ba. Kafin ki bar kwaleji ki riƙa shiga ɗakin kwamfutarku, in layi ya yi yawa ki biya awa ɗaya a kafe a mako. Ki buga shirin darasi ɗaya da yatsunki, ki ajiye shi, ki tura wa kanki ta imel, ki buɗe a waya. Idan kin dawo daga TP ki rubuto mini yadda darasin lantarkin ya kasance, musamman abin da yaran suka yi hasashe kafin su gani. Allah Ya ba da sa'a.

TAMBAYA

Salam Malam. Ni ma ɗalibin NCE ne a Jihar Bauchi. An turo mana talla a zauren WhatsApp na ajinmu cewa akwai kwas na mako biyu ta intanet, in ka biya wasu 'yan dubbai za a ba ka takardar shaidar malamin zamani, kuma za su sama maka aiki. In biya?

Ɗanka, daga Azare

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka biya. Duk inda aka haɗa maka takardar mako biyu da alƙawarin aiki, aljihunka ake nema. Takardar da ke ba mutum damar koyarwa a ƙasar nan ita ce NCE a matsayin mafi ƙaranci, sai rajista da TRCN. In ƙarin karatu daga nesa kake so nan gaba, akwai Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna tun 1976, akwai kuma buɗaɗɗiyar jami'a ta NOUN, dukansu na gwamnati ne kuma an san takardunsu. Abin da masu tallan za su koya maka a mako biyun, yawancinsa yana nan kyauta a YouTube, wasu ma da Hausa, kuma na zayyana wa 'yar'uwarka a sama yadda za ku gwada a tsakaninku. Ranar neman aiki shugaban makaranta alli zai miƙa maka ya ce shiga aji mu gani, ko ya nuna maka kwamfuta ya ce buga mana tambayoyin jarrabawa. Kuɗin da ka tanada ka sayi katin ajiya da batirin cajin waya na tafi-da-gidanka, za ka buƙace su a wurin TP. Ka kuma faɗa wa shugaban ajinku ya cire tallan daga zauren kafin wani ya tura kuɗinsa.